Fatar Malama Ba-Ragi

Ranar da Shugabar makaranta ta aika a kira ni ofishinta, tun daga bakin ƙofa na gane inda zancen zai dosa. Kujerar baƙi da kullum take manne da teburinta an ja ta can kusa da taga, tagar kuma an wangale ta. Na ɗauko kujerar na mayar da ita mazauninta, na zauna.

"Malama, ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, ranki ya daɗe. Ina da aji yanzu, in da magana a yi."

Ta gyara zaman tabarau, ta yi ta kewaye-kewaye. Wai iyaye sun kawo kuka. Wai yara sun je gida sun ce sun ga bandeji a wuyana, wata kuma ta ce ta ga ruwa yana tsatsowa daga rigata. Wai ita kam ta karanta bayanin likita ta kuma yarda ciwon ba ya yaɗuwa, amma iyaye ba karatu suke so ba, so suke hankalinsu ya kwanta. Daga ƙarshe dai ta sauke kayan: 'yan ajin ƙarshe za a ba Malamin Noma ya riƙe, ni kuma in koma laburare in huta.

"Don lafiyarki ne ma, Malama. Kowa na tausayinki."

Malamin Noma mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa. Amma in ya zana ƙwayar halitta a allo, sai ka rantse ƙwai aka soya. Yaran nan kuwa tun suna ajin farko nake fama da su. Ni na koya musu riƙe madubin likita mai ƙara girman abu ba tare da sun fasa gilashi ba, ni suka laƙaba wa suna Ba-Ragi don ko rabin maki ba na kyauta. Ga jarrabawar fita ta ƙarato, sannan a ce in je in zauna ina kaɗe wa littattafai ƙura? Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba.

"Ranki ya daɗe, a tara min iyayen. In sun saurare ni suka ce in tafi, zan ajiye alli da hannuna. Amma ba za a kore ni da raɗa ba."

Ta juya biro, sannan ta ce to.

Ciwon nan a baki ya fara. Gyambo a cikin kumatu da dasashi, ko ruwan sanyi in na kurɓa sai hawaye. Na yi ta kurkure baki da magani har na gaji. Daga nan bororo ya fara fitowa a ƙirji da baya, irin na ƙuna, ga shi ban je kusa da wuta ba. Ba ya daɗewa yake fashewa, ya bar jan nama a buɗe. Maƙwabta kowa da tasa fassarar. Wata ta ce sammu ne, wata ta ce sabulu, wata da ba ta taɓa shiga ɗakina ba ta ce ƙazanta.

Likitan fata wani siririn mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa. Ya dubi bororon, sannan ya ɗora babban yatsansa a kafaɗata, a wurin da fatar take lafiya lau a ido, ya ɗan murza. Fatar ta zame ta bi yatsan, kamar ɓawon tumatirin da aka zuba wa tafasasshen ruwa. Na daka masa tsawa. Ya ba ni haƙuri, ya ce abin da yake son tabbatarwa ke nan. Ya yanki 'yar fata daga gefen wani bororo ya aika gwaji. Da sakamako ya fito, jin cewa bayoloji nake koyarwa, sai ya ja min kujera gaban madubinsa ya ce in duba da idona.

Na duba. Na san yadda fatar mutum take a madubi, na zana ta a allo ba adadi: ƙwayoyi jere a kan ƙwayoyi, kowace ta manne da maƙwabciyarta, babu ko tsaga. Tawa kuwa ta watse. Ƙwayoyin sun saki juna, kowace ta dunƙule ta zama kamar ƙwallo tana yawo a ruwa. Layin can ƙasa kaɗai ne ya tsaya, shi ma kowace ƙwaya tsaye ita kaɗai.

"Sunan ciwon femfigus," in ji shi. "Wancan layin na ƙasa kuma, mu likitoci muna ce masa jerin duwatsun kabari."

"Likita, ku nemi wani sunan. Mai fatar tana zaune a gabanka."

Ya yi dariya, ya rubuta min magani mai danne garkuwar jiki. Maganin ya kumbura min fuska, ya sa ni ci kamar gara, amma bakina ya warke, sabon bororo ya ragu. Abin da bai gama gyaruwa ba shi ne ƙarfin fatar. Ya ja min kunne: banda murza, banda riƙo mai ƙarfi, banda filasta a kan fata, sai abin ya lafa sosai.

Da safen ranar taron, Umma ce ta canja min bandeji kamar kullum. Tun da ciwon ya tsananta ta tattaro ta dawo gidana, don maigidana direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya, kuma ranar da ya gwada wanke min baya sai da na koma ina lallashinsa. Umma kuwa hannunta ba ya rawa. Ta jiƙa tsohon bandejin da ruwan gishiri har ya saki don kansa, ta shimfiɗa sabo mai man basilin, ta naɗe da sassauci.

"Ke dai tun kina ciki kike da taurin kai," ta ce. "Mutane sun ce ki huta, ki huta mana. Makarantar ta ubanki ce?"

"Ajin nawa ne, Umma."

"To naki ne. Amma ki buɗe baki ki gaya musu kada kowa ya taɓa ki. Kin san mata da son rungume-rungume."

"In na faɗi haka ai na ba su abin da suke nema. Masu tsoro su ce kun ji ko, ita ma ta san akwai abu. Masu tausayi su ce wayyo, wannan ai ba ta da ƙarfin tsayuwa gaban aji. Duk ƙofa ɗaya za su nuna min."

Umma ta ja tsaki, ta zura min doguwar riga baƙa mai dogon hannu, tana riƙe da bakin hannun don kada ya goge ni.

A ɗakin gwaje-gwaje na ce a yi taron, don nan ne gidana. Iyaye suka hau dogayen kujerun yara suna ta gyara zama, ƙafafu na lilo. Na lura layin tebur na farko babu wanda ya zauna. Shugaba ta tsaya daga gefe kusa da famfo. Ciyaman ɗin ƙungiyar iyaye, wani Alhaji mai sayar da tayoyi, ya zauna a tsakiya ya harɗe hannuwa a kan tumbi. Na ɗora farar rigar aiki a kan baƙar, na ɗauki alli.

"Ba roƙo na zo yi ba," na ce. "Darasi zan yi, irin wanda nake yi wa 'ya'yanku. Wanda bai gane ba ya ɗaga hannu."

Na kira mata biyu, wata mai ɗinki da wata ma'aikaciyar banki. Suka fito suna kallon juna, suka tsaya nesa da ni. Na ce kowace ta miƙa yatsa ɗaya su maƙala, sannan su ja. Suka ja, yatsun suka zame, aka yi dariya. Na ce yanzu su sarƙe yatsun hannu biyu gaba ɗaya su sake ja. Mai ɗinki ta ja har ta kusa ɗago ma'aikaciyar banki daga ƙasa, hannuwan ba su rabu ba.

"To haka fatarku take. Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma ba gam aka zuba musu ba. Kowace ƙwaya tana da wasu 'yan yatsu na furotin da suka leƙo waje, sunansu kaderin. Kan yatsan wannan ƙwaya yana shiga wani ɗan aljihu a jikin yatsan maƙwabciyarta, na maƙwabciyar ma ya shigo aljihun wannan. Kowa ya riƙe kowa ke nan, ba ɗaya ke riƙon ɗaya ba. Guda ɗaya ba shi da wani ƙarfi, kun gani da idonku. Amma sukan jeru da yawa gefe da gefe, kamar haƙoran zif ɗin jaka, su taru a wuri ɗaya su zama maɓalli. Sinadarin kalshiyam ne yake sa su miƙe su yi tauri, in babu shi sai su yi laƙwas. Ta ciki kuma an ɗaure gindinsu da igiyoyin da suka ratsa ƙwayar, don in an ja kada su tumɓuke."

Wani dattijo mai farin gemu ya gyaɗa kai ya ce, "Allahu akbar. Wato kamar al'umma ke nan, in aka haɗa kai..."

"Baba, yi haƙuri, ba wa'azi nake ba. Fata nake magana."

Na ɗebo guntayen alli na ajiye wa mai ɗinki a tebur, na ce ta cusa a tsakanin yatsunta su sake sarƙewa. Suka gwada, yatsun suka ƙi shiga juna, da aka ja suka rabu.

"Wannan shi ne ciwona. Garkuwar jikina, wadda aikinta yaƙi da cuta, ita ce ta rikice ta ɗauki yatsun nan a matsayin abokan gaba. Tana ƙera abin da yake zuwa ya maƙale musu, sai su kasa riƙe juna. Ƙwayoyi su saki, ruwa ya shiga tsakani, bororo ya tashi. Babu ƙwayar cuta a ciki, babu abin da zai tashi daga jikina ya faɗa jikin ɗan wani. Jikina ne yake faɗa da kansa, kuma ba ya neman taimakon kowa. In ma tsoro ne, ni ya kamata in ji tsoron 'ya'yanku, don maganin da nake sha ya rage min garkuwa, su kuma kullum cikin mura suke, ba sa rufe baki in za su yi atishawa."

Aka yi dariya sosai. Na ga kafaɗu sun fara sauka. Wata ta tambaya ko ana gadonsa, wani ya tambaya ko ana warkewa, na amsa musu. Har na fara jin daɗi a raina, na ce an gama.

Sai Ciyaman ya warware hannuwansa.

"Malama, bayani ya yi kyau, Allah ya ƙara basira. Amma ni ɗan kasuwa ne, abin da ido ya gani nake bi. Tun da muka shigo na lura ba ki ba kowa hannu ba. Ɗazu a bakin ƙofa wata baiwar Allah ta zo za ta dafa ki, kika goce. Allin nan ma a tebur kika ajiye mata, ba ki sa mata a hannu ba. In babu komai, me ya sa ke da kanki kike gudun a taɓa ki?"

Mutumin nan tayoyi yake sayarwa, amma ya iya duba inda iska take fita. Amsar tana bakina, kuma gaskiya ce, amma na san in na faɗe ta na tafi laburare.

Ban ankara ba sai na ji takun takalmin Shugaba. Matar da ta ja kujera zuwa taga ce ta ratso ɗakin, fuskarta a murtuke, idonta ya kawo ruwa. Ina jin bayanin ya shige ta, kunya kuma ta kama ta. Ta zo ta kama damtsena na dama da hannu biyu, ta matse, ta ɗaga shi sama tana girgizawa.

"Ga shi, Alhaji! Ga shi na taɓa ta! Shekara da shekaru muna aiki tare, 'yar'uwata ce. Wanda yake da magana ya yi da ni!"

Tana faɗa tana murza hannun sama da ƙasa, irin murzar da ake yi wa yaron da ya faɗi don a rarrashe shi.

A wurin babu bandeji, don fatar wurin lafiyarta ƙalau a ido. Na ji lokacin da ta zame. Ba zafi ne ya fara zuwa ba, wani sanyi ne, sannan zafin ya taso ya bi ta kafaɗa ya hau min kai har kunnuwana suka toshe. Ihu ya zo min maƙogwaro. Na haɗiye shi. Na san in ya fita, duk abin da na gina a ɗakin nan ya rushe, kuma matar nan da ta tsaya min ita za ta fara cewa in tafi gida. Na washe baki. Ban san irin murmushin da ya fito ba, amma aka ɗauka na farin ciki ne, aka hau tafi.

Da ta sake ni na ji danshi yana bin hannun rigar. Baƙar za ta ɓoye, farar ta sama ba za ta ɓoye ba. Na jawo tawul ɗin goge tebur na yafa a damtsen kamar mai shirin wanke kwalabe.

Sai ga mata sun taso. Abin da Shugaba ta yi ya zama abin koyi, kowace tana so a ga ita ma ba ta tsoro. Suka yi layi. Na yi maza na miƙa tafin hannun hagu tun kafin su iso, don fatar tafi mai kauri ce, ciwon bai cika zuwa can ba.

"A tafi ake gaisawa, Hajiya. A tafi. Na gode. Allah ya bar zumunci."

Duk da haka sai da mai ɗinki ta zagayo ta bubbuga min baya, daidai inda Umma ta naɗe da safe, tana cewa, "Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa, mun cuce ki." Na ce amin da haƙora a datse. A raina kuwa na ce yanzu ne kuke cutata. Ban taɓa jin ƙaunar mutane da haushinsu a lokaci guda kamar ranar ba.

Ciyaman ya miƙe ya gyara hula, ya ce shi dai an gamsar da shi, Malama ta ci gaba da ajinta. Aka watse ana ta raha.

Na shige ɗan ɗakin ajiya da ke bayan allo, inda muke jera kwalaben sinadarai, na tura ƙofa. Na cire farar rigar. Hannun baƙar ya riga ya manne. Na buɗe akwatin taimakon gaggawa na ɗauko ruwan gishiri na dinga zubawa a hankali, ina ɗaga yadin kaɗan-kaɗan, ina zagin duk wanda ya zo min a rai. A nan ne hawayen suka zubo, na bar su, don ba mai gani.

Ƙofa ta buɗe. Shugaba ce, fuskarta fal fara'a.

"Malama, kin ga yadda na rufe masa ba..."

Maganar ta tsaya. Ta dubi damtsen. Wurin ya kai faɗin tafin hannunta, ja jawur, fatar ta tattare gefe guda kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ta dubi hannuwanta, ta sake duban damtsen.

"Innalillahi. Ni na yi wannan?"

"Ke kika yi, ranki ya daɗe."

"Me ya sa ba ki faɗa ba? Me ya sa ba ki yi magana ba, Malama?"

"Da na faɗa, ina zan kasance yanzu?"

Ta dafe bango. Sannan ta ce abin da na san za ta ce: in bari ta kira direba a kai ni asibiti, in je gida in kwanta, wannan ba jikin aiki ba ne, ita ba za ta iya ɗaukar alhakina ba.

"Asibiti zan je in an tashi, da ƙafata. Gida kuwa, sai dai ki fita ki tsayar da iyayen nan kafin su kai bakin get, ki gaya musu abin da kika yi da dalilin da ya sa kika canja magana. Ni ba zan faɗa ba. In ba za ki iya ba, wanke hannunki ga famfo can, ki zo ki riƙe min bakin bandejin nan."

Ta tsaya tana kallona kamar yau ta fara ganina. Sannan ta je ta wanke hannu har da sabulu, ta dawo. Na shimfiɗa bandeji mai basilin da hagu, na nuna mata inda za ta riƙe.

"Kada ki ja. Zagayo kawai. Sassauta. Ranki ya daɗe, na ce sassauta."

Tana naɗewa tana kuka, hawayenta na ɗiga a takalmina. Na ji tausayinta, amma ban rarrashe ta ba, don ba ni da sauran ƙarfin da zan ba wani. Ana cikin haka aka kaɗa ƙararrawa.

'Yan ajin ƙarshe sun riga sun ji labari, ina shiga suka miƙe da gaisuwa mai ƙarfi fiye da ta kullum. Amma duk sun cunkushe a baya, uku-uku a bencin mutum biyu, kamar yadda suke yi tun da na dawo daga jinya. Na ɗauki alli, hannun dama ya ƙi ɗaguwa. Na mayar da allin hagu na fara rubuta kan darasi. Rubutun ya fito a karkace, ƙanana, kamar tafiyar kaza a kan siminti ɗanye.

Wata yarinya daga can baya ta ɗaga hannu.

"Malama, ba ma gani."

"Hannun da nake da shi yau ke nan, kuma ba zan sake rubutawa ba. Duk abin da ke allon nan zai fito a jarrabawa. Wanda yake son gani ya san inda allo yake."

Na juya musu baya na ci gaba da rubutu. Na kai layi na uku kafin na ji an fara jan benci.